Awon Kafaɗar Jikar Kawu Tela

Kawuna tela ne, irin telolin nan da ke sa mai gaggawa ya yi da-na-sani. Tun yana saurayi yake kan keken ɗinki ɗaya, a shago mai ƙofa ɗaya da fanka mai kuka. Riga ba ta fita daga hannunsa da zare yana lilo. Idan kalmasa ta ɗan karkace, ko ba wanda zai lura, sai ya farke ta tun daga farko, mai riga na tsaye yana duba agogo. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, takan ce ko ranar aurensu sai da ya tsaya ya gyara wa abokinsa maɓalli.

'Yarsa ɗaya ce tak. Ta yi aure, aiki ya kai mijin wata ƙasa mai nisa, can ta haifi yarinya aka sa mata sunan mahaifiyar Kawu. Shi ya sa yake kiranta Uwata. Yarinyar ta tashi ba ta jin komai sai Turanci. Sai Kawu ya ce shi ma sai ya koya.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, kuma Turanci nake koyarwa a sakandare, saboda haka ni na shiga uku. Da na taso daga makaranta zan ji ya ƙwala mini kira. Zai kwashe yadi daga kan benci in zauna, ya sauke tabarau kan hanci, ya fara.

“Malama, wannan kalmar in jiya ake nufi sai a ɗaura mata wutsiya. Waccan kuma gaba ɗaya take canja kama. Me ya sa?”

“Haka yaren yake, Kawu.”

“Ashe su ma masu yaren ba su gama ɗinkinsa ba suka saka.”

Kansa yana ja, ba laifi. Matsalar ita ce yadda yake ɗinka riga haka yake magana. Jimla ɗaya sai ya juya ta, ya warware, ya sake haɗawa, ya tambaye ni, ya tambayi ɗaliban da suka kawo ɗinkin kayan makaranta, har mai kemis na kusa da shi bai tsira ba. Amma da zarar an kira ta bidiyo fuskar yarinyar ta bayyana, sai ya ji kamar akwai zaren da bai yanke ba. Ya yi murmushi, ya ɗaga mata hannu, ya miƙo mini wayar.

Na yi masa faɗa har na gaji. Na ce ita yarinya ce, ba jarrabawa take shirya masa ba. Ya ce shi ba zai miƙa wa Uwarsa aikin da bai kammala ba.

Wata rana 'yarsa ta kira ni ni kaɗai. Ta ce yarinyar ta tambaye ta ko Kaka ba ya sonta ne, tunda da kowa yake magana ban da ita. Yanzu ma in an kira, guduwa ɗaki take yi. Na je na faɗa masa. Ya ɗauko mai ya hau ɗiga wa keken da ba ya bukatar mai. Wallahi ya ba ni tausayi.

Bayan kwana biyu ya yanko yadi mai furanni ya ce riga zai ɗinka mata, a kira a yi awo. Aka lallaso yarinyar ta tsaya gaban waya tana tura baki, uwar ta ɗora mata tef a kafaɗa. A karkace ta ɗora shi. Kawu ya gyara mata da Hausa, ta sake ɗorawa, ya fi na da karkacewa, yarinyar kuma ta langaɓe wuya gefe guda.

Nan haƙurinsa ya ƙare. Ya fizge wayar daga hannuna ya hau yarinyar da Turanci: ta tsaya sosai, ta saki kafaɗa, ta ɗaga hannu, ba wannan ba, ɗayan. Jiya da gobe duk ya cakuɗa su, inda kalma ta ƙi zuwa ya cusa Hausa ya wuce.

Yarinyar ta zaro ido. Sai ta tuntsire da dariya, ta ɗaga hannun, tana ce wa uwarta ashe Kaka yana magana. Ta tambaye shi ko rigar za ta yi aljihu, ya ce biyu ma. Ta ɗauko 'yar tsanarta ta ce ita ma a auna ta, ya auna.

Da aka kashe wayar ya zauna yana goge tabarau, ya daɗe yana gogewa.

“Malama, kuskuren ya yi yawa ko?”

“Kawu, ko jimla ɗaya ba ta fita daidai ba.”

Ya shimfiɗa yadin a kan tebur, ya ɗauki alli.

“Amma dai ta ɗaga hannun,” in ji shi.