Ranar da Iya ta shayar da zogale ruwan batir

Ina shigowa gida na tarar da Iya, kakarmu, ta karkata tsohon batirin mota a gindin zogalenta, tana tsiyaye ruwan har da bismilla. A Madarunfa ke nan, shekarun casa'in.

Batirin na Kawu Ilu ne, mai jan mota Maraɗi zuwa Ɗan Issa. Da ya daina ɗaukar caji, sai Kawu ya yar da shi bayan rumbu.

Kawu ya taho a guje: "Iya, mi kike yi haka? Guba ce fa!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Haba Ilu! Ruwan da ke tada mota cike da buhunan hatsi, shi zai kasa tada zogale?"

Wallahi dariya sai da ta zaunar da ni ƙasa!

Kwana kaɗan ganyen ya zube, ga shi zogalen ne take dafawa ta kai kasuwa. Zaninta ya koma rariya. Wurin nan shekaru bai sake fidda ko ciyawa ba. Iya kuwa cewa ta yi ƙarfin ne ya yi wa zogalen yawa.

Yau ƙanena ya tuno mini da wannan labarin. Ya zo yana rawar kai zai sayi mota ibrid, mai batir kamar katifa, wai ba ta shan isansi sosai, ba ta ɓata iska. Na ce madalla, amma ranar da batirin ya mutu, bayan rumbun wa za ka yar?

Har yanzu yana sosa ƙeya.

Ku fa, ina tsoffin batiran gidanku suke ƙarewa?