Sunan da Zahara'u Ta Kira

Duk wanda ya shigo gidanmu a Bande da safe zai tarar da Zahara'u zaune a tabarma ƙarƙashin itacen dogon yaro, gwiwarta na taɓa gwiwar ɗanta. Wanke-wanke na jiranta, awaki na kuka, ita ko a jikinta. Ƙuli-ƙuli ne a hannunta, ta ɗaga shi daidai idonta. Sai ta kira sunan yaron, ba da ƙarfi ba, ta yi shiru. In ya ɗago ya dube ta, ko na ƙiftawar ido ne, ta miƙa masa ta ce madalla. In bai ɗago ba, ba ta kama haɓarsa ta juyo da shi. Jira take yi. Na haifa, na yaye, na yi renon jikoki, amma ban taɓa ganin ɗan Adam da ya iya jira irin yarinyar nan ba.

Matar ɗana ce, Abdulrazak mai kabu-kabu. Ni ban yi lakol ba, ban san boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Amma duk garin nan an san ba na mantuwa. Wadda ta kawo mini ƙwarya ranar biki na san ƙwaryarta, wadda ta zo mini gaisuwa na san zan je tata. Ba na zama da bashin alherin kowa. Na Zahara'u ne kawai na juya na juya na rasa da me zan biya, shi ya sa na ce a rubuta, a karanta, kowa ya ji.

Yaron ɗan farinta ne, kuma ranar suna aka mayar masa da sunan maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa. To kun ga kunya ta zama biyu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, ko kallonsa a sace take yi. Matar ɗa kuma ba ta kama sunan uban mijinta. Sai kowa ya yi wa yaro nasa sunan. Uban ya ce Abba, maƙwabta suka ce Ɗanasabe don ran Asabar ya zo, ni ina ce masa angona, uwar kuwa sai dai "kai" ko "wannan".

Da aka yaye shi na ɗauke shi ɗakina yadda aka saba. A nan muka gane da wani abu. Ba ya magana, ba ya duban fuskar mutum. Sai ya wuni yana juya murfin tukunya, ko ya tsuguna gaban amalanke yana kallon ƙafarta. In an tayar da injin niƙa a bayan gida ya toshe kunne ya yi ta ihu. Wasu suka ce kurma ne, na ce wane irin kurma ne injin niƙa ke sa shi kuka? Wasu suka ce iska ce. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Abin da ya fi tayar mana da hankali dai shi ne in ya kama hanya kira ba ya tsayar da shi. Gidanmu kuwa dab da kwalta yake, inda manyan motoci ke bi daga Magarya zuwa Damagaram. Ka bar ƙofa a buɗe, sai dai ka bi shi da gudu. Har wata ta kawo shawarar a ɗaure masa ƙafa a jikin itace, kamar ɗan akuya.

Zahara'u ba ta yarda ba. Da mijinta ta yi magana. Suka kai shi likita a Magarya, can aka tura su Damagaram wurin wata Madam Aziza da ke duba irin waɗannan yara. Ita ta ce musu sunan abin otisim, ba iska ba ce, ba laifin kowa ba ne, kuma ba shi da allura, sai koyarwa. Ta tambayi sunan da ake kiransa, suka jero mata duka. Ta ce a zaɓi ɗaya kowa ya riƙe, a riƙa kira ana fuskantarsa, kuma uwar ce za ta fara don muryarta ya fi sani.

Da suka dawo suka faɗa mini, na ce ai abin mai sauƙi ne, a tsaya kan Ɗanasabe, ba wanda zai ji nauyi. Zahara'u na durƙushe, kanta a ƙasa.

"Inna," ta ce, "ba Ɗanasabe mushe, malamin aji, zai kira a lakol ba. Abin da ke takardar haihuwa zai kira."

Na ce wace lakol, yaron da ko ruwa bai iya roƙa ba?

"Zai je, Inna, in Allah ya yarda."

Daga nan ta roƙe ni in mayar mata da shi ɗakinta. Ban taɓa jin an nemi ɗan fari daga hannun kaka ba. Na dube ta na dube ta, na ba ta.

Washegari ina dama koko na ji sunan Malam ya fito daga bakinta a tsakar gida. Yaron ko motsi bai yi ba. Ta sake da rana, ta sake da yamma. Kafin kasuwa ta zagayo labari ya gama gari. A fanfo, da ta doso da bidon, jarkar ɗiban ruwa, sai Tamu maƙwabciyarmu ta ce, "Ku ba da hanya, ga mai kiran surukinta ya zo ya ci ƙuli-ƙuli." Mata suka kwashe da dariya. Ita kuwa ta ajiye bidon a layi ta ce, "Yaya Tamu, ƙaramin nake kira. Babban kuwa, Allah ya riga ni kiransa."

Uwarta Kadi ta taso daga Guci da ƙullin goro, wai ta zo ba ni haƙuri, ba haka ta tarbiyyantar da 'yarta ba. Na karɓi goron, don ba a mayar da goro, na ce ta zauna ta kalla. Ta zauna har rana ta ɗaga. Da za ta tafi ba ta ƙara tayar da maganar ba, idonta dai ya yi ja.

Kada wani ya zaci abin ya zo da sauri. Damina guda ta wuce cur yaron bai ɗago ba. Da ya fara ɗagowa, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tashi ya manta komai. Ta sake shimfiɗa tabarma kamar ranar farko. Ta haɗa wake da gyaɗa a faifai suna warewa tare. Ta riƙe ludayin fura kusa da bakinsa, ba za ta ba shi ba sai ya nuna da yatsa, yana kuka ita ma hawaye na zuba, hannunta bai sauka ba. Abin da ta yi ta ɗauka a salula ta tura wa Madam, Madam ta aiko da murya ta ce nan daidai, nan a gyara. Shi ma Abdulrazak kafin ya fita aiki sai ya zauna a tabarmar ya kira sunan ubansa da bakinsa. Abokansa na tasha suna ce masa mai reno, ya ce ya ji. Shi ya je ya roƙi mai injin niƙa ya riƙa leƙowa ta katanga kafin ya tayar, don a samu a shigar da yaro ɗaki. In randebu ya zo, wato ranar ganin Madam, su kama hanyar Damagaram, yaro a tsakiyarsu, an naɗe masa kunne da ɗankwali.

Zahara'u, ke ce kika ɗauki kunyar da muka gada tun kaka da kakanni kika ajiye ta gefe, ba don kin raina ta ba. Na ga yadda kike sunkuyar da kai duk lokacin da na gitta kina tsakiyar kira. Kunyar tana nan, ke dai kin fi ƙarfinta. Uwar haƙuri, mai tabarmar safe.

Ranar da ba zan manta ba ranar kasuwa ce, da rana tsaka. Wani baƙo ya bar ƙofa a buɗe. Amalanke ta wuce, yaron ya bi ƙafarta yana kallon yadda take juyawa, har ta haye kwalta. Ga babbar mota ta taho daga wajen Magarya da kaya. Ina bakin zaure, ƙafata ba ta gudu. Na kira angona, Sirajo mai faci ya jefar da taya yana kiran Ɗanasabe, mazan majalisa suka miƙe kowa da sunan da yake ƙwalawa. Kamar da bango muke. Zahara'u na dawowa daga fanfo, bidon a kai, nesa da shi. Ba ta yi ihu ba. Ta kira shi da muryar nan ta tabarma.

Ya tsaya. Ya juyo yana neman fuskarta. Motar ta wuce ta bayansa, iskarta ta kaɗa masa riga.

Sirajo har yau in yana ba da labarin sai ya ce shi abin da ya fi ba shi mamaki bidon ɗin bai faɗi ba. Ta sauke shi a hankali, ta je ta tsuguna gaban ɗanta, ba duka, ba faɗa, ta ce masa madalla. Sannan ta kama hannunsa suka shiga gida.

Daga ranar aka daina dariya a fanfo. Yanzu mata na zuwa daga ƙauyuka da 'ya'yansu, har daga Dungas, su zauna su ga yadda take yi. Ba ta karɓar komai, kuma ba ta cewa ita likita ce, takan ce su fara kai yaron a duba shi. Bana an rubuta shi a ajin ƙanana. Maganarsa har yanzu kaɗan ce, har yanzu yana toshe kunne, wata rana ma ba ya yarda ya shiga aji sai ta zauna a baya. Amma yana zuwa.

Saura abu ɗaya da ta yi, wanda ni aka yi wa. Ciki gare ta yanzu, ya tsufa. Kwanan baya ta zo ta durƙusa ta ce in ta shiga jego yaron hannuna zai dawo, ƙofa kuma tana nan, kwalta tana nan. Na gane inda ta dosa. Na ce mata tun da aka kawo ni gidan nan ina yarinya sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, ko da mai shi yana raye, balle yanzu. Ba ta yi mini gardama ba. Ta kama hannuna ta zaunar da ni a tabarma, gwiwata na taɓa ta yaron, ta danƙa mini ƙuli-ƙuli, ta koma gefe. Irin jiran da take masa, shi ta yi mini. Rana ta ɗaga, koko ya huce, ba ta ce in yi sauri ba.

Na ce, "Abdulhadi."

Ya ɗago ya dube ni cikin ido. Tun da aka haife shi bai taɓa ba.

Na gode, Zahara'u. Na gode, Abdulrazak. Allah ya sauke ki lafiya, ya ba ki masu jiranki ranar da ƙarfinki ya ƙare. Ku kuma iyaye masu irin wannan yaro, kada ku ɓoye shi a ɗaki, kada ku ɗaure shi, ku kai shi a duba, ku dawo ku zauna gabansa. Sai ku tsofaffi irina, da ku nake. In kun ga matar ɗanku ta zauna da ɗanta tana kiran sunan da ba a kira, kada ku tambaye ta ina kunyarta. Ku ɗauki taɓarya ku yi mata dakan.