Miyar Goggona ta Zandam

Goggona ta Zandam ba ta san auna barkono ba, da hannu take kamfatarsa. In muka je mata daga Birnin Kudu, sai mu kewaye tuwon dawa muna ci muna jan hanci, hawaye shaɓe-shaɓe kamar gidan makoki. Mijinta har hula yake cirewa yana fifita harshe, amma shi ke fara neman ƙari.

Rannan na ƙule na ce, “Goggo, wai me muka yi miki?”

Ta ce, “Sha kukanka. Tunda kuka zauna, wa ya lura miyar ba nama?”

Na leƙa kwanon, ko ƙashi babu. Na share hanci, na ce ta ƙaro.