Hoyt Ledbetter Ne Ya Ci Tseren Nan

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya yi wa Hoyt Ledbetter rasuwa a gidansa da ke bayan cocinmu, bayan doguwar jinya. Ni Elwood, da na ƙarar da ƙuruciyata ina canza wa motarsa taya, ban yi karatu ba, amma babu tseren motocin da aka yi a filin garin nan da ya ɓace mini.

Hoyt, jama'a za su tuna kirkinka. Direban da injinsa ya buga, kai kake ara masa wani, ko da gobe da kai zai kara. Matarka Vernelle ta soyo mana kaji, ka rarraba wa abokan hamayya, mu mu tashi da burodin masara.

Ni kuwa layin rawaya zan tuna. Shekarar da aka shafa shi a gefen ciki na fili, aka kafa doka cewa duk wanda ya sauka ƙasansa ya wuce wata mota, hukunci ya hau kansa. A zagayen ƙarshe na babban tseren kaka, ka kai hancin motarka gefen ta Lonnie Poteat, lokacin yana ɗanyen saurayi. Ya matso ya tare ka. Da a ce ka ƙi kaucewa, doka tana bayanka, amma da motarsa ta tashi sama ta faɗa kan shingen 'yan kallo. Sai ka sauka ƙasan layin ka bar masa wuri, kuma kai ka fara isa. Alƙalai suka mayar da kai na ƙarshe, suka miƙa wa Lonnie kofi.

Na nufe su da sifana a hannu, ka tare ni ka ce, "Tsoho, ajiye wannan kafin ka ji wa kanka ciwo. Yaron nan a gidan uwarsa zai kwana yau." Na tambaye ka batun kofi, ka ce ai Vernelle ma kwanuka sun yi mata yawa.

Ba ka ƙara kusantar kofin nan ba, ba ka taɓa kai ƙara ba. Ni dai a shagon aski da ƙofar coci ban fasa cewa kai ka ci ba. Suka ce taurin kai ne. Na ce na ji.

Ranar Asabar, kamar yadda muke yi wa kowane direba, aka zagaya fili da gawarka. Lonnie, yanzu da furfura da jikoki, ya roƙi Vernelle ta bar shi ya tuƙa motar da ta ɗauko gawarka. Da ya iso kwanar ƙarshe, sai ya sauka ƙasan layin rawaya, ya bi nan har ƙarshe. Mai tuta ya dubi alƙalai, kowa ya sunkuyar da kai. Ya kaɗa maka tutar nasara.

Lonnie ya leƙo ta taga, ido jajur, ya ce, "Kawu Elwood, je ka ce su hukunta ni."

Ba wanda ya motsa.

Ubangiji ya jiƙanka, Hoyt, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa. Vernelle, da ke da 'ya'yanki Darlene da Curtis, Allah ya ba ku haƙuri. Ku faɗa wa jikokinsa kakansu ne ya ci. Ina wurin, na gani da idona.