Kujerar Inna a Wasan Shida na Ƙarshe

Kafin matarsa ta ɗora ruwan shayi, Shida ya riga ya zauna a bakin gado da bokitin ƙanƙara a gabansa, gwiwar hagu a naɗe da tawul. Minti goma sha biyar yake ba ta kullum. Daga nan sai ya ɗaure ta da bandeji, ya tsuguna sau uku a hankali. Matar takan leƙo daga kicin ta ce, "Yau me tsohuwar ta ce?" Shi kuma ya ce, "Ta ce a lallaɓa ta." Sai ya saɓa jakarsa, ya biya ta gidan mahaifiyarsa ya gaishe ta, ya isa fili awa guda kafin kowa. Yakan zagaya tsakiyar filin yana danna ƙasa da diddige, ya nuna wa mai ban ruwa inda ciyawa ta sha da yawa, don kada wani ya zame ya karye.

Haka ya yi shekara goma sha takwas, a kulob huɗu, har lambar da ke bayan rigarsa ta cinye sunansa. Ƙwallo bakwai kacal ya ci a duk tsawon shekarun nan. Ga waɗanda ba su san harkar ba, ɗan wasan tsakiya irinsa shi ne mai ƙwato ƙwallo daga ƙafar abokan karawa, ya miƙa wa wanda zai miƙa wa wanda zai ci. In kun ga hoton jarida, wani ya ware hannu yana gudu ana binsa, to ku duba can gefe, za ku ga rabin kafaɗar wani ya dafa gwiwa yana haki. Wannan rabin kafaɗar, ita ce Shida.

Asabar ɗin da ta wuce ya buga wasansa na ƙarshe. Da shugabannin kulob suka tambaye shi me yake so a yi masa, sai ya ce a ajiye masa kujera ɗaya a inuwa. Inna yake so ta zo ta gan shi, ga shi kuwa shekara tara rabonta da filin nan, kuma ta ce ba za ta ƙara taka shi ba. Bari in faɗa muku yadda aka yi.

Ya fara ne da masu jar riga, kulob ɗin wata masana'anta, inda fili rabi ciyawa ne rabi tsakuwa. Matar da ke wanke musu riguna tana nan da ranta, kuma ita ta ce ko idonta a rufe tana gane rigarsa a cikin kwando, don ta fi ta kowa nauyin gumi. Bayan shekara biyu masu farar riga suka ɗauke shi, can nesa, inda ba ya jin yaren mutane su ma ba sa jin nasa. A nan ya koyi ɗabi'ar da ta ɗaga shi, ita ce kuma ta ja masa. Tunda ba baki, sai ya riƙa bin 'yan gaba ɗaya bayan ɗaya, ya nuna ƙafar dama, ya nuna ta hagu: wacce kake so? A ƙafa zan sa maka ko a gabanka? Sannan kowa ya zaɓi alamar da zai kira shi da ita. Wannan tafi, wancan buga cinya. Da yamma su tsaya su maimaita, sau ɗari, sau ɗari biyu, har ta kai ba ya bukatar ɗaga kai. Kunne ya ji, ƙafa ta aika.

A kulob na uku, masu koriyar riga, ya haɗu da wani ɗan gaba gajere mai wushirya da ake ce wa Barkono. Alamar Barkono fito ne guda biyu, gajeru, ta wushiryar nan. Shekara huɗu suna ɗaki ɗaya in an yi tafiya, shekara huɗu Barkono yana fito Shida yana aikawa. Sau biyu Barkono ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo. Ana ba shi kofi, Shida yana baya yana riƙe masa jaka.

Sai masu shuɗiyar riga, kulob ɗin garinsu, suka neme shi. Bai yi dogon tunani ba, domin daga ƙofar gidan Inna ana hango fitilun filin. Ta fara zuwa kallo. Ba ta san dokar wasa ba, ɗanta kawai take bi da ido, in an taɗe shi ta ce, "Wancan ɗan wace ce?"

Wasansa na biyar, masu koriyar riga suka zo. Saura minti uku a tashi, ba wanda ya ci, kuma wanda ya yi nasara shi zai je wasan ƙarshe na kofi. Shida ya ƙwace ƙwallo a gaban ragarsu, mutum biyu a kansa, kansa a ƙasa. Sai ya ji fito biyu ta hagu. Ya aika. Ƙwallo ta tafi sumul, ta sauka daidai ƙafar hagun Barkono, yadda yake so, yadda aka saba. Barkono ya jefa ta a raga.

Koci ya ja shi gefe a ɗakin sauya kaya ya ce, "In 'yan jarida sun tambaya, ka ce zamewa ka yi."

"Ban zame ba, Koci."

"Na sani. Ka ce ka zame."

Bai faɗa ba. Ya fita ya ce fito ya ji, ƙafarsa ta amsa kafin kansa. Wa zai yarda? Barkono ma ya faɗa yana dariya cewa dabara ce ya yi wa tsohon abokinsa, mutane suka ce ai dole mai saye ya rufa wa mai sayarwa asiri. Shugaban magoya baya, wani mai shagon taya da ake kira Mai Ganga, ya sa maganar a kiɗa. Mako na gaba fili gaba ɗaya yana amsa masa, "Nawa aka ba ka, Shida?" Inna tana zaune a tsakiyarsu. Ta gyara mayafinta, ta miƙe, ta sauko matakala ɗaya bayan ɗaya ba ta kalli kowa ba. A gida ta ce, "Auta, ni ban haifi ɓarawo ba. Sai bakin da ya faɗa ya janye zan koma."

Kulob biyu suka aiko suna nemansa a ƙarshen kakar. Matarsa ta fara haɗa kaya, ya ce ta kwance. "In na tafi, sun yi gaskiya ke nan."

Kai ne ka zauna, Shida. Kai ne ka ci gaba da yi wa masu zaginka gudu, Asabar bayan Asabar, ba ka taɓa ɗaga musu yatsa ba. Golan kulob ɗin ya ce shekarar da suka kusa faɗuwa daga rukuni, wasa shida ka buga da gwiwa a kumbure, likita yana zuƙe mata ruwa da allura kafin a fita. Wani ɗan baya da ya ci gida a wasansa na farko ya ce duk an watse an bar shi a benci, kai kaɗai ka zauna kusa da shi kana kwance igiyar takalmi a hankali, har ya gama kukansa, sannan ka ce, "Tashi, ni na fi ka yi, ga ni kuma ina nan." Yau wannan ɗan bayan shi ne kyaftin. Kiɗan ya yi sanyi da shekaru, amma bai mutu ba. Duk ranar da ƙwallo ta kuɓuce maka, sai wani ya tuno shi daga sama.

To, ana saura mako guda, kujera tana ajiye, Inna ta ce a ba wani. Matar Shida ce ta gaji. Ta nemo lambar Barkono, wanda yanzu ya aje wasa yana koyar da tuƙi, ta ce masa, "Yaya, kai ka ɓata, kai za ka gyara. Kuma ba da baki ba, an ji bakinka an ƙi." Sannan ta je shagon taya da kanta.

Ran Alhamis ana barin mutane su kalli atisaye. Mai Ganga ya zo ya tsaya a bayan wayar shingen filin, kusa da wani mai tumbi da hula har gira, wanda ba wanda ya gane.

"Kai ne Barkonon?" in ji Mai Ganga. "Ka koma kabewa."

"Wushiryar dai tana nan. Sharaɗin matar Shida shi ne kai za ka zaɓi lokacin da zan yi fito. Bai san na zo ba. In ka shirya ka taɓa ni."

Mai Ganga ya bari aka yi rabin awa. Ya bari har Shida ya juya musu baya, 'yan wasa uku sun rufe shi, yana neman inda zai fitar da ƙwallo. Sannan ya zunguri Barkono da gwiwar hannu.

Fito biyu.

Ƙwallo ta tashi ta bayan Shida, ta tsallake waya, ta faɗo gaban ƙafar hagun mai tumbi. Ba ɗan wasa ko ɗaya a wajen. Shida ya tsaya ya kama kansa da hannu biyu, bai juyo ba tukuna, kuma waɗanda ke gabansa sun ce fuskarsa ta koma irin ta wancan yinin. Da ya juyo ya ga ko wane ne, sai ya ce, "Shekara tara ina koya wa ƙafar nan ta manta da kai."

"Ba ta da laifi," in ji Barkono. "Ni ne mai laifi. Ka yafe mini, abokina."

Gola ne ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Mai Ganga bai yi ba. Ya zagayo ta ƙofa, ya cire hula, ya fara magana. Shida ya tare shi. "Ni na yafe tun tuni. Ka san gidan da za ka je."

Mai Ganga ya sami Inna tana shanya kaya a igiya. Ya tsuguna ya gaishe ta, ta amsa ba ta juyo ba. Ta bar shi a tsugune har ta gama da kwando guda, shi kuwa mai jiki ne. Ya yi bayani, ya ba da haƙuri.

"Ranar da ka faɗa, mutum nawa ne a wurin?"

"Inna, fili a cike yake."

"Yanzu kuma ka zo ka janye a gaban zannuwana? Su ba su ji na farkon ba."

Ran Asabar ta zo, amma ta ƙi shiga. Ta tsaya a bakin ƙofa da surukarta, masu duba tikiti suna roƙonta ta shigo inuwa, ta ce tana jiran saƙo. Kafin a busa, Mai Ganga ya karɓi lasifika. Ya ce shi ya ƙirƙiri maganar, ba shi da hujja ran nan kuma ba shi da ita yau, ya ga gaskiya da idonsa, wanda duk ya taɓa amsa masa kiɗan nan to ya taya shi neman gafara. Sai tafi ya fara daga wani gefe ya zagayo. Inna ta ce wa surukarta, "Riƙe mini jakar nan." Ta hau matakala.

Shida yana tsakiyar fili lokacin. Ya ɗaga kai sau ɗaya wajen inuwa, ya sunkuya ya daɗe yana ɗaure takalmin da ke ɗaure.

An tashi ɗaya da ɗaya. Bai ci ba, kuma ba shi ya ba wanda ya ci ba, shi ya ba wanda ya bayar. Saura minti goma Koci ya fitar da shi, 'yan wasan ɓangare biyu suka yi masa layi. Ya hau har inda take yana ɗingishi, ya durƙusa da gwiwar mai lafiya. Ta shafa rigar, ta ji ta sharkaf, ta dubi sauran da ke cikin fili.

"Auta, har yanzu kai kaɗai kake musu gudun?"

Mun gode, Shida. Mun gode da gudun da ka yi don wani ya sha tafi, da ƙaryar da ka ƙi yi ranar da za ta yi maka amfani, da zaman da ka yi a inda aka ƙi ka har aka dawo aka ji kunyarka. Allah ya ba gwiwar nan hutu, ya saka wa matarka da alheri, ya ƙara wa Inna lafiya. Ku kuma 'yan wasa masu tasowa, kowa so yake ya zama mai ci, to a samu wasu su koyi tambayar abokinsu wace ƙafa yake so. Mu masu kallo ma da namu. In mun saka sunan mutum a baki a gaban jama'a, muka gane mun yi kuskure, mu koma gaban jama'ar nan mu janye tun uwarsa tana iya hawa matakala.