Buhun da Kezia Ta Kawo Daga Mubi

Kowa a unguwar Damilu ta Yola ya san Mama Kezia mai ƙosai, wadda ke tuya a bakin lungu tana rera waƙoƙin Zumuntar Mata ta coci da muryar da ko kaɗan ba ta da daɗi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne buhun da ya daɗe a ƙarƙashin gadonta.

Shekarar da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, ita da mijinta Eli sun bi daji da ƙafa. Ita ta iso Yola, shi kuwa harsashi ya tsayar da shi a bakin wani rafi. Da ƙura ta lafa ta koma, ta tarar karnuka da ruwan damina sun riga ta. Ƙasusuwa ne warwatse na mutane da yawa, har da na maharan da sojoji suka kashe a wurin daga baya. Ta gane takalmin Eli, ta tsince duk abin da ke kusa da shi ta zuba a buhu.

Abu ɗaya take so: a binne shi a maƙabartar ikilisiya, ya jira tashin matattu a kwance kamar kowa. Sai dattawa suka kafa kwamiti. Kwamiti fa, a kan gawa! Aka yi ta yi mata jeka-ka-dawo har damina ta sake zagayowa.

Ranar da suka kira ta, sun gama cin shinkafa ke nan. Shugabansu, Dattijo Nicodemus, yana sakace da tsinken ashana ya ce ta kwance buhun. Ya leƙa, ya yatsine fuska, ya taɓa shi da bakin takalminsa.

"Mama, wa ya tabbatar miki duk nasa ne? Mu kwantar da ɗan ta'adda a tsakanin masu bi?"

Kezia ta dube shi. Mutumin nan shi ne mai ɗaga murya kowace Ista yana cewa kabari bai riƙe Yesu ba, ga shi yau yana shurin mijinta kamar mushen akuya. Tir da wannan hali.

"Baba," ta ce, "Wanda ya ƙera Eli bai manta da ƙashinsa ba. Ku ne kuke buƙatar shaida."

Ta ɗaure buhunta ta fita, ko sallama ba ta yi musu ba.

Maƙwabcinta Hamajoɗa, wani Bafulatani mai gona a wajen Malkohi, shi ya ba ta gefen gonarsa, ya haƙa ramin da hannunsa. Ta naɗe buhun da farin zane, ta yi addu'a ita kaɗai. Har lokacin ranta a ɓace yake. Da ya ɗauki shebur zai mai da ƙasa, sai ya tsaya.

"Dada," ya ce, wato mama da Fillanci, "in fa ƙashin wanda ya harbe shi yana ciki?"

"To ya yi daidai," in ji Kezia. "Ran da aka busa ƙahon tashin matattu, fuskar Eli zai fara gani. Rufe su."