Neman Yafiya Kafin Hawa Kogin Nilu

Shekarar da na ajiye alli na fara karɓar fansho, babbar 'yata da ke aiki a Abuja ta bugo mini waya ta ce in shirya, za ta kai ni Masar. Ba asibiti ba, ba kuma ziyarar ibada ba. Wani kamfanin yawon buɗe ido ne ke haɗa mutane rukuni guda, a sa su a jirgin ruwa mai ɗakunan kwana, a bi kogin Nilu da su ana tsayawa gari-gari, jagora na gaba yana yi musu bayanin tsofaffin gine-gine. Ta ce ta gaji da jin yadda na ƙarar da ƙuruciyata ina zana wa 'ya'yan mutane kogin nan a allo, alhali ban taɓa ganin ruwan da ya fi na dam ɗin Zobe ba. Na ce mata kada ta raina mana Zobe, amma zan je.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Sai dai tun kafin in ajiye wayar na tuna da maganar sallama. A gidanmu na Rawayau, inda aka haife ni, ba a ƙetare ruwa sai an je an yi sallama. Mai tafiya zai zauna gaban dangi ya ce a yafe masa, su ce sun yafe, shi ma ya ce ya yafe wa kowa komai, sannan babban gida ya yi addu'a a shafa. Kuma a wurinmu wannan kalmar ba ta baki ba ce kawai. Abin da ka yafe gaban dattawa a ranar sallama ya mutu ke nan, in ka sake tayar da shi kai ne maras kunya.

Babban gida a lokacin shi ne yayana, wanda kowa ke kira Malam, shi ya gaji makarantar allon mahaifinmu. Shi ne kuma yake riƙe da gonata. Da aka raba gadon mahaifinmu, rabona ya faɗa a wata gona ta bakin rafi mai tsamiya biyu a gefen gabas. Malam ya ce ni mace ce, ga aikin gwamnati a Dutsin-Ma, bari ya riƙa noma mini ita. Daminar farko ya aiko da gero, ta biyu ya aiko da gaisuwa, daga nan ko gaisuwar ta ɗauke. Da na yi magana ya ce ai zumunci ya fi ƙasa. Da na sake yi ya daina ɗaukar wayata. Ban kai shi ƙara ba saboda kunyar idon mutane, amma ban taɓa cewa na bar masa ba, shi ma ya san ban ce ba.

Na ture wannan gefe na kama shiri. Na je Katsina sabunta fasfo, wata yarinya sa'ar autata tana ta ba ni umarni in ɗaga haɓa, in ja mayafi baya, kada in yi murmushi, kamar dama an ce mata murmushi na zo yi. Aka yi mini allurar shawara, hannuna ya kumbura har na kasa ɗaura ɗankwali. Telana ya riƙe mini ɗinkuna yana ta gobe-gobe, sai da na ɗauki kujera na zauna a bakin shagonsa na ce a nan zan yi azahar da la'asar, sannan keken ya tuna da aikinsa.

Unguwa kuwa ta samu abin taunawa. Da farko an ɗauka Umara zan koma, mata suka fara shigowa da fara'a suna cewa in tuna da su a addu'a. Da suka ji yawo ne a cikin jirgin ruwa sai fuskoki suka canja. Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta riƙe haɓa ta tambaye ni ladan me ake samu a kallon gumakan Fir'auna. Na ce mata irin ladan da take samu a leƙen katangata ne, sai dai ni a zaune zan yi nawa kallon, ana kawo mini shayi. Ta fita ba sallama, ni kuma na ci gaba da dakan yajina.

Har da 'yar tawa sai da muka yi. Kamfanin ya ƙayyade nauyin kaya, ni kuma na cika akwati da yaji da kilishi da garin kunu da dakakkiyar kuka, na ɗora buta a sama. Ta ce a waya in cire butar, jirgin nan akwai komai. Na ce ban san komai ɗin nasu ba, butata na sani. Na sa ta tambayo mini yadda ake gane alƙibla a abin da ke tafiya yana juyawa, da ko mai dafa abincin Musulmi ne, da ko jagoran zai tsaya in lokacin salla ya yi ko kuwa sai ya gama surutunsa. Ta dawo da amsoshi masu kwantar da hankali, ta kuma roƙe ni kada in yi wa jagoran gyara a gaban mutane. Na ce in ya faɗi daidai babu mai jin bakina.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne tsoron ruwan. Ban taɓa taka abin da ke yawo a kan ruwa ba. Don haka wata safiya na tafi Zobe, na samu wani masunci na ce ya zaga da ni a kwalekwale. Da muka rabu da gaɓa sai na damƙe katakon da hannu biyu ina salati, shi kuwa yana ta tuƙinsa yana kallon wani wuri don kada in ga yana dariya. Kafin mu dawo na saki hannu ɗaya, har na taɓa ruwan. Na sauko ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa.

Ashe an gan ni. Labari ya riga ni isa gida, ya wuce har Rawayau, wai an ga Hajiya a kwalekwale tana koyon nutso. Washegari wayata ta yi ƙara, na duba na ga lambar Malam. Mutumin da ya shekara da shekaru bai neme ni ba, ga shi yana tambayar lafiyata da ta yara da muryar da ban san yana da ita ba. Ya ce ya ji zan yi tafiya mai nisa, kuma ta ruwa, bai kamata in tashi ban zo an yi sallama yadda aka saba ba. Ya ce zai tara dattawa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Na ce to. Ina ajiye wayar na san abin da ya shirya, raina ya ɓaci har na kasa cin abincin rana.

'Yata ta ce kada in je, in yi sallamar ta waya. Na ce mata gidan ubana ne, babu wanda zai sa in yi masa sallama daga nesa kamar ɓarauniya. Gaskiyar magana kuma ina son addu'ar. Duk bakin nan nawa, ban taɓa yin doguwar tafiya ba tare da an ɗaga mini hannu a tsakar gidan nan ba, kuma ban so in fara a kan ruwa.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Kurfi, daga nan ɗan acaba ya ƙarasa da ni. Damina ce, hanya duk kwari da taɓo. Muka bi ta gefen gonar, na ga geron ya yi kai, ya yi kyau har ya ba ni haushi. An cire ma itatuwan kargon da ke nuna iyaka tsakaninta da ta Malam, an haɗe su kunya ɗaya.

Na tarar an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ƙannen mahaifinmu biyu da suka rage suna zaune, ga limamin gari, ga wasu dattawan unguwa da babu abin da ya haɗa su da sallamata. Mata suna daga bakin ɗakuna. Aka ba ni tabarma a gefe, aka kawo fura. Ko da zan tafi aikin Hajji ba a tara mini rabin wannan jama'a ba.

Malam ya gyara rawani ya fara. Bai ce kada in je ba, wayonsa ya wuce nan. Ya dai yi ta bayani a kan ruwa, yadda ba shi da reshen kamawa, yadda wanda ya tafi a cikinsa ba ya samun wanka balle likkafani, yadda jirgi kan kife da mutane suna tsakiyar cin abinci. Ya ce tafiyar ibada ma ana tsoro, ina ga ta nishaɗi. Sai da ya tabbatar ya nutsar da ni sau uku a gaban mutane, mata har sun fara jan hanci, sannan ya juyo gare ni.

"Hajiya, ni dai na yahe maki duk abin da ke tsakaninmu, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ke ma ki hwaɗi haka gaban iyayenmu, ki tahi da zuciya wankakka."

Na dubi ƙannen mahaifina, duk sun sunkuyar da kai suna jan carbi. Sun san abin da ake yi, an kuma gaya musu tun kafin in zo. Wannan ya fi maganar Malam ƙona mini rai.

"Na gode, Yaya Malam," na ce. "Ni ma na yahe maka zagi da harara da ƙin ɗaukar waya. Na yahe ma kowa da ke nan. Amma ban da gonar bakin rahi."

Wani daga cikin dattawan ya yi salati a hankali. Liman ya ce ai ba a yin yafiya da togiya, in ji tsoron Allah in cika. Na ce masa tsoron Allah ne ya hana ni faɗin abin da ba shi ne a zuciyata ba. Babban baffanmu ya ɗago ya ce in dubi girman zumunci, tafiya ce a gabana, ban san abin da zan tarar ba. Na ce shi ma mai gonar a hannu bai san abin da zai tarar ba, ko da yana kwance a ɗakinsa, me ya sa ba a tara masa mutane ba?

Fuskar Malam ta koma wadda na sani. Muryar wayar nan ta tafi.

"Wato kin zaɓi ki hau ruwa da riƙo a ranki?"

"Ba riƙo ba ne, haƙƙina ne. In na dawo ina son abuna. In ban dawo ba, ɗiyana sun san tsamiyar nan biyu."

Ya ce boko ne ya lalata ni tun ina yarinya, ga shi yau na tsufa ina yawon kallon kafirai da suka mutu. Na ce bokon bai koya mini cire iyakar gonar marainiya ba. Matarsa ta fito tana ba ni haƙuri, na ce ta koma, ba da ita nake ba. Ban ɗaga murya ba, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Liman ya ga abin zai lalace, ya ce a yi addu'a a tashi. Addu'ar sallama ta babban gida ce, don haka kowa ya dubi Malam. Ya ɗaga hannu, muka ɗaga. Ni ma na ɗaga nawa, don har a lokacin ina sa ran jini zai yi aikinsa.

Ya roƙa wa mahaifanmu rahama. Ya roƙa wa marasa lafiya sauƙi, ya roƙi damina mai albarka, ya roƙi zaman lafiya a ƙauyukanmu da tsari daga ɓarayin daji. Ya yi wa ɗalibansa addu'a, ya yi wa masu neman haihuwa, har dabbobin gida sai da ya ambata. Ina ta cewa amin ina jiran a zo kan matafiya. Sai na ji ya ja fatiha, mutane suka shafa.

Ni da aka taru domina, hannuwana suna sama. Kowa ya gani, babu wanda ya ce Malam ka manta. Na riƙe su a haka na ɗan lokaci, ina duban baffannina ɗaya bayan ɗaya ko wani zai ce Allah ya kai ki lafiya. Ɗaya ya miƙe yana neman takalminsa, ɗayan ya kama tari.

Na sauke hannuwana ban shafa ba. Na ɗauki jakata na ratsa tsakar gidan da aka yanke mini cibiya, na bi ta zaure na fito, babu wanda ya taka mini ko zuwa bakin ƙofa. A waje na tsaya na gyara mayafi, hawaye suka zo, na hana su, don yaran makaranta suna kallo.

Ranar tafiya na kulle akwatina, na zauna a bakin gado da wayar a hannu har direban da zai kai ni filin jirgi na Kano ya gaji da yin ham. Ba ta yi ƙara ba. Na ɗaga hannu ni kaɗai na roƙa wa kaina sauka lafiya, na ce amin da bakina, na ja akwatin na fita.